OGG1: Mai Gyaran DNA Da Ke Rura Kumburi

Da yawa idan suka ji "enzayim mai gyaran DNA" sai su ɗauka tela ne kawai, ya ga yagewa ya ɗinke ya tafi, ba ruwansa da garkuwar jiki. Ba haka abin yake ba.

Ɗauki OGG1, ɗaya daga cikin irin waɗannan enzayim, wato furotin masu gudanar da ayyuka a cikin ƙwayoyin jiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga huhu, jiki kan saki sinadarai masu oksijin don kashe ta, su kuma sukan lahanta guwanin, ɗaya daga cikin haruffa huɗu na DNA. OGG1 ne ke ɓanɓare harafin da ya lalace. To amma kafin ya cire shi, idan tabon yana bakin ƙwayoyin gadon da ke tayar da kumburi, sai ya lafe a wurin, ya sauƙaƙa wa NF-kB, furotin da ke kunna waɗannan ƙwayoyin gado, kama DNA. Daga nan a shiga kirawo fararen ƙwayoyin jini. Wato mai gyaran shi ne kuma mai shela.

Shi ya sa ɓerayen da aka cire wa OGG1 ba sa kumbura sosai kamar sauran. A 2018, masu bincike na Cibiyar Karolinska a Suwidin da abokan aikinsu na Jami'ar Teksas suka wallafa a mujallar Science cewa sinadarin TH5487, wanda ke hana OGG1 kama DNA, ya rage kumburin huhun ɓeraye.

Kada dai a yi azarɓaɓi: a jikin ɓera aka ga wannan, ba maganin da za a tambaya a kemis ba ne.