Mu Da Ke Bayan Katangar Jami'a

Kullum da asuba, in na fito zan tafi masallaci, ina jin ƙarar ruwa yana zuba daga babban tankin jami'a. Tankin ya cika ya tumbatsa, babu wanda ya tashi ya kashe injin, ruwa yana ta kwarara ƙasa har ya yi ɗan tafki a gindin katanga ta ciki. A daidai wannan lokaci 'yata ta biyu tana tsaye ta waje da jarka biyu, a layin rijiyar burtsatse ɗaya tilo da unguwarmu take da ita, wadda mu muka haƙa da kuɗin karo-karo. Tsakanin inda yarinyar take tsaye da inda ruwan yake zubewa a banza bai kai taku hamsin ba. In layi ya yi tsawo ta makara makaranta, in injinmu ya lalace sai mu koma wa 'yan garuwa, su kuwa kullum farashinsu gaba yake yi.

Ni malamin firamare ne, a unguwar nan aka yanke mini cibiya. Filin da aka gina ɗakunan kwanan ɗalibai mata a kai gonar kakana ce. Akwai tsamiyar da har yau nake hango kanta ta saman katanga, mahaifina ya ce a gindinta suke shan fura in rana ta take. Lokacin da aka zo faɗaɗa jami'ar, an tara dattawanmu a ƙofar gidan dagaci, aka ce musu alheri ne ya zo har gida: 'ya'yanku za su yi karatu, za su samu aiki, ruwa da wuta da asibiti duk za su iso ku. Da fatar baki aka yi alkawarin, babu ko takarda ɗaya. Diyya kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta riga ta mayar da ƙasa hannun gwamna, abin da ake biyan manomi shi ne na shuka da itatuwa da gini, ba na ƙasar kanta ba. Aka ƙirga ɗorawa da mangwaro aka ba su abin da bai kai su shekara ba. Gonar da ta ciyar da gida tun kaka da kakanni ta tafi ke nan.

Ban zo in yi kukan gona ba. Ilimi ya fi gona, kuma da za a sake tambayata yau, zan ce a gina jami'ar. Abin da yake ƙona mini rai shi ne yadda aka mayar da mu bayan an gama karɓa.

Da can akwai ƙaramar ƙofa a jikin katangar, ta ɓangarenmu. Ta nan mata masu wanki da masu sayar da ƙosai suke shiga, ta nan muke ratsawa mu fita babban titi. Wata safiya muka tashi muka tarar da magina suna jera bulo a bakinta. Ba a kira mai unguwa ba, ba a aiko wa dagaci ba, ko sanarwa a masallaci ba a yi ba. Tafiyar da muke yi da ƙafa cikin minti goma ta koma zagaye na kuɗin acaba, a hanyar da in damina ta sauka ko Keke Napep ba ya yarda ya bi.

A bara, cikin watan Agusta, naƙuda ta kama matar maƙwabcina wajen ƙarfe ɗayan dare, jini ya ɓalle mata. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, hanyarmu ta zama kogi. Muka ɗauko ta a motar wani bawan Allah, muka nufi ƙofar jami'a mafi kusa don mu ratsa ta ciki mu fita titi. Na sauka na je wurin mai gadi, dattijo ne, ɗan ƙauyen gaba da mu, ya san ni na san shi. Na ce, "Baba, don girman Allah ka buɗe mana, rai ne a hannunmu." Ya haska fitila cikin motar, ya ga halin da matar take ciki, na ga hannunsa yana rawa. Ya ce, "Malam, wallahi in na buɗe, gobe ba ni da aiki. An ce bayan ƙarfe goma ko waye." Ya yi ta kiran shugabansu a waya, ba a ɗauka ba. Muka juya muka yi zagaye, mota ta kafe sau biyu, da hannu muka tura ta cikin laka. Allah ya yi matar tana da sauran kwana, ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Ban ce da an buɗe ƙofar lalle zai rayu ba, wannan sanin Allah ne. Amma har in mutu ba zan manta da tsayuwar da muka yi a bakin ƙofar nan ba, ga asibitin jami'a can ciki fitilarsa a kunne muna kallo.

Na san abin da za a ce: tsaro. Ban raina wannan hujja ba, 'ya'yan mutane ne a ciki, kuma kowa ya ga abin da ƙasar nan ta shiga. Sai dai a tuna, a watan Satumban 2023 da 'yan bindiga suka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, a gidajen haya na Sabon Gida suka same su, wato cikin gari. Haka abin yake kusan ko'ina, ɗakunan kwanan jami'a ba sa isar ɗalibai, da yawansu a cikinmu suke zaune. 'Yan sintirin unguwarmu, waɗanda muke tara wa kuɗin batir da na shayi kowane wata, su suke kwana a tsaye a ƙofar gidajen da ɗaliban nan suke barci. To wane irin tsaro ne zai rufe ƙofa a fuskar mutanen da suke gadin 'ya'yanka? Me zai hana a yi wa 'yan unguwa katin shaida, a ba mai gadi izinin buɗe wa mara lafiya? Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, sa hannu ɗaya ne.

Amma fa akwai lokacin da ake tunawa da mu. Duk ƙarshen zango sai ka ga yara da manyan jakunkuna da takardun tambayoyi sun cika lunguna. Sau nawa kuke cin abinci a rana? Ina kuke bahaya? Yara nawa suka rasu a gidan nan? Mahaifiyata, tsohuwa mai kunya, an zauna a tabarmarta an tambaye ta abin da ko ni ɗanta ba zan iya tambayarta ba, ta amsa don an ce mata taimako ne zai zo. An ɗebi ruwan rijiyoyinmu a kwalabe, an ɗebi ƙasar gonakin da suka rage, wata shekara har jinin yara aka ɗiba a makarantar da nake koyarwa, ni na jera su a layi. Ina sakamakon? Ruwan da muke sha yana da lafiya ko ba shi da lafiya? Wani ya samu digiri da amsarmu, wani ya zama dakta, wani ya zama farfesa, takardun suna can a kan kanta ƙura ta rufe su, da Turancin da Inna ba za ta taɓa ji ba. Ko mutum ɗaya bai dawo ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, jama'a ga abin da muka gano ba. Tura ta kai bango.

Ga kuma abin da ake aiko mana kyauta. Magudanar ƙazantar ɗakunan kwanan ɗalibai ta ɓangarenmu aka karkato ta. Da rani wari, da damina ta cika ta malalo cikin lungu, yara suna tsallakawa da silifa. Sauro kuwa ba a magana. A cikin katangar nan akwai sashen injiniyan gine-gine, akwai masu koyar da kiwon lafiyar al'umma, akwai masana ruwa da muhalli. Kwalbati ɗaya ya gagara.

Aiki fa? Samarinmu shara da gadi da yankan ciyawa ne rabonsu, shi ma tun da aka miƙa wa 'yan kwangila babu fansho, babu takardar ɗauka, kuma abin da ake ba waɗanda na sani bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Karatu kuma, a tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Da jiha ake lissafi, don haka yaron da aka haifa a jikin katanga ba shi da wani fifiko. Ban ma nemi a ba shi gurbin da bai ci ba. Abin da nake tambaya shi ne, me ya sa ba za a taimake shi ya ci ba? Sakandaren unguwarmu ta shekara biyu babu malamin Fiziks. Yaranmu suna zuwa jarrabawar JAMB, wadda da kwamfuta ake yi, alhali wasunsu ranar ce farkon taɓa linzamin kwamfuta. Can ciki kuwa ɗakuna ne cike da kwamfutoci, a kulle duk Asabar da Lahadi.

Kada wani ya ce haka jami'a take a ko'ina. Su da kansu suke cewa aikinsu uku ne, koyarwa da bincike da hidimar al'umma. Kuma mun ga inda aka yi. Tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, kuma yau manomin da bai taɓa shiga aji ba ya san irin masara na SAMMAZ da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT, domin binciken ya fito daga ɗaki ya shiga gona. Jami'ar Ibadan tun 1963 take tura ɗaliban likitanci Igbo-Ora, a yankin Ibarapa, su zauna cikin mutanen karkara su yi musu aiki. Abin da aka iya yi shekara sittin da suka wuce, ba intanet ba wayar hannu, shi ne yau ake ce mana sai an kafa kwamiti.

Na yarda jami'o'i suna cikin matsi. Tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024 suke kuka, malamai suna guduwa ƙasashen waje, albashi ba ya kai wata. Mu ma mun fi kowa sanin zafin rufe jami'a. Yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur, a jikinmu ya ƙare: mai shayi ya tattara teburinsa, mai kwafin takardu ya sayar da injinsa, zawarawan da suke ci da hayar ɗaki suka koma cin bashi. Duk da haka addu'a muka yi ta yi a masallatai Allah ya daidaita su da gwamnati. Mun ɗauke su namu, su ne ba su ɗauke mu nasu ba.

Sau uku muna rubuta takarda. Ta ƙarshe da kaina na kai, ni da mai unguwa da limaminmu, bayan mun yi zagayen nan a kan babura. Abu huɗu muka roƙa: a buɗe wa marasa lafiya ƙofa da dare, a ja mana famfo ɗaya ta jikin katanga daga ruwan da yake zubewa, a gyara magudana, duk wanda ya yi bincike a kanmu kuma ya dawo ya faɗa mana sakamako da Hausa. Muka zauna a benci tun ƙarfe tara har aka kira azahar. Mai unguwa, mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda mahaifinsa yana cikin waɗanda suka ba da filin, ya miƙe ya cire takalmi da jami'in ya fito, ya ce, "Ranka ya daɗe, maƙwabtanku ne muka zo gaisuwa da 'yar koke." Mutumin bai ko zauna ba. Ya karɓi takardar yana duba waya, ya ce za a duba, ya miƙa wa masinja. Yau wata bakwai.

Makon jiya wasu ɗalibai mata biyu suka yi sallama a gidanmu da takardunsu, wai bincike suke yi a kan tsaftar ruwan sha. Yara ne masu ladabi, ba su da laifin komai, har ƙasa suka durƙusa suka gaida Inna. Ta sa aka shimfiɗa musu tabarma, ta sa 'yata ta ɗebo musu ruwa a randa, daga jarkar da yarinyar ta yi awa biyu a layi kafin ta samu. Da suka buɗe takarda sai ta ɗaga hannu ta ce, "'Ya'yana, ku sha ruwa ku huta. Amma ku koma ku ce wa malaminku, waɗanda suka zo bara da bara waccan sun ɗebi ruwan nan a kwalba sun tafi da shi. In ya faɗa mini abin da suka gani a ciki, sai in amsa muku naku."