Tambari kuke saye ko mota?

Duk wanda ya sa baki aka yi wa wani malamin makaranta dariya kan motarsa da ta mutu a ƙarƙashin gadar Kwangila a Zariya, ya sani bai kyauta ba, kuma bai san mota ba. Mutum na tsaye cikin rana da matarsa da 'ya'yansa, tururi na tashi daga gaban mota, maimakon a kama masa a tura ta gefe sai aka zaro waya ana ɗauka. Daga nan kowa ya zama mufti, kuma fatawar iri ɗaya ce: "Wa ya aike shi sayen motar Koriya? Da Toyota ya saya da bai ga haka ba." Har da waɗanda ko keke ba su taɓa ajiyewa ba. Wallahi abin ya ɓata mini rai, domin wannan maganar ta daɗe tana cin kuɗin talakawa a garin nan.

Na san bakaniken da aka ja motar aka kai wa a Sabon Gari, kuma na ga abin da ya fito da shi. Ruwan da ya tsiyayo daga lagireto ja ne jawur, tsatsa zalla, domin tun da aka sayo ta ruwan rijiya ake ɗura mata. Tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, babu, wani gwani ya cire ya yar tun tuni da sunan wai "na ƙasar sanyi ne". Fanka kuwa an yanke wayarta an haɗa kai tsaye, an naɗe mahaɗin da baƙar leda, ledar ta narke, waya ta saki, fanka ta tsaya, inji ya ɗau zafi har gaskit ya ƙone. To ku faɗa mini, a cikin wannan ta'asar wanne ne aikin mutanen Koriya? Ku ɗauko Corolla mafi lafiya a Zariya ku yi mata haka, ku ga ko tambarin da ke goshinta zai sauko ya kaɗa mata fanka.

Tambari ba ya hana mota mutuwa. Abin da ke riƙe mota a ƙasar nan shi ne irin rayuwar da ta yi kafin ta zo hannunka, da irin hannun da ke taɓa ta bayan ta zo.

Na san me za a ce. Za a ce ai Turawa sun yi bincike, kullum Toyota da Lexus ne a sahun gaba. Gaskiya ne, ban musa ba, kuma ban ce Toyota ba ta iya ƙera mota ba. Corolla tun 1966 ake yin ta, zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50, ba a banza ba. Amma kun taɓa tambayar wace irin mota ake aunawa a wannan binciken? Kamfanin J.D. Power na Amurka, a bincikensa na ƙarkon motoci, masu motar da ta shekara 3 kacal yake tambaya, ya ƙirga matsala nawa aka samu a kowace mota 100. Ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka kuma mambobinta take tambaya, mutanen da akasarinsu ke kai mota sabis a kan lokaci, a zuba mata man da littafinta ya ce, a sa mata kayan kamfani. Mu fa? Motar da muke kira sabuwa, 'yar Kwatano ko Beljiyam, ta shekara 12 ko 15 tana bauta a wata ƙasa. In agogonta ya nuna mil 150,000, wato kilomita 240,000 ke nan, kusan ka tashi daga Zariya zuwa Kaduna sau 3,000. Wannan ma in ba a mayar da agogon baya ba, abin da kowa ya san ana yi. Wata daga gwanjon motocin haɗari aka kwaso ta, aka buge jiki aka fesa fenti. Wata ambaliya ta shanye ta har saman kujeru, kamar dubban motocin da guguwar Harvey ta nutsar a Texas a 2017. Wata gishirin da ake watsawa a titunan ƙanƙara na Kanada ya cinye mata ƙasa. Sakamakon jarrabawar da aka yi wa mota tana 'yar shekara 3 a Amurka ba zai gaya maka halin da take ciki a filin dillalai na unguwar PZ ba.

Ga wata hujja da ke yawo a titunanmu kullum: Pontiac Vibe. Tambarin na kamfanin General Motors ne na Amurka, kuma tun 2010 aka rufe Pontiac ɗin gaba ɗaya. Amma ka buɗe gabanta, injin Toyota ne, giyar Toyota ce, tagwaye suke da Toyota Matrix, an haɗa ta a masana'antar haɗin gwiwar kamfanonin biyu a Kalifoniya. Akwai lokacin da mutane ke wuce ta saboda ba su ga tambarin da suka sani ba, sai da direbobi suka gano sirrin sannan kuɗinta ya tashi. Motar ba ta canja ba ko da ƙusa ɗaya. Labarin da ake bayarwa a kanta ne ya canja.

Sannan wa ya ce muku duk abin da ya fito daga gidan Toyota tsarkakakke ne? Ku tambayi masu Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake ce wa Muscle, mai inji lita 2.4. Da yawansu galan ɗin baƙin mai ba ya rabuwa da but ɗinsu, domin injin na shan mai saboda matsalar zoben fistin, matsalar da kamfanin da kansa ya amsa. Ga dashbod ɗinta da ke narkewa ya yi danƙo in rana ta dake shi. A 2009 da 2010 Toyota ta janye miliyoyin motoci kan matsalar totur, a 2014 kuma ta biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 kan yadda ta ɓoye lamarin. Jakar iskar Takata, wadda ke fashewa ta watsa wa direba ƙarfe a fuska, ta shafi Honda da Toyota da wasu kamfanoni da dama, kuma zafi da laima ne ke ƙara mata haɗari. Mutum nawa ne a cikin masu dariyar nan suka taɓa duba ko an canja ta motarsu? Amma suna da bakin yi wa wani gori.

Abin da ya sa Toyota ta zama kamar ba ta lalacewa a wurinmu ba ɓoyayye ba ne. Tana da juriyar wulaƙanci fiye da wasu, wannan na yarda. Amma babban dalilin shi ne kasuwa ta tsaya mata. Duk abin da ya lalace a Corolla, kafin la'asar an samo shi a Sabon Gari, in ya yi wuya a aika Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano. Kowane yaron gareji ya kwance ta ya ɗaura har ya haddace. Tana lalacewa kamar kowace mota, sai dai ba ta kwana a gareji, shi ya sa ba ku gani. Mai Kia ko Ford kuwa in ƙaramin abu ya mutu sai an jira saƙo daga Ladipo a Legas, mota ta yi mako a ƙarƙashin bishiya, duk mai wucewa ya ce ai ga ta nan, dama an faɗa.

Manyanmu shaida ne. Tun da kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, wace mota ce ke da suna a Arewa in ba 504 ba? Gwamna ita, alƙali ita, direban tasha ita, malamin jami'a a Samaru in ya samu bashin mota ita. A lokacin in ka ce za ka sayi motar Japan sai a ce maka gwangwani ce. Me ya riƙe Fijo? Masana'anta na nan kusa, kayan gyara sabbi fil a kowane shago, kanikawa sun ƙware a kanta. Da waɗannan suka ja baya, sai ga 'ya'yan masu yabon nan suna cewa Fijo matsala ce. Har gobe kuwa mai 406 mai giyar hannu, wanda ya samu bakaniken da ya san ta, yake canja bel ɗin inji a kan lokaci, ba ya sauraron kowa. Wanda ya faɗa wa mai giyar otomatik ta AL4 ba tare da sanin halinta ba, shi ne ke kuka. Tambari ɗaya, labari biyu.

Kuma ma wai wa ya ba ku ikon auna wa mutum gamsuwarsa? Ƙarkon mota daban, jin daɗin mai ita daban. Su kansu Consumer Reports tambaya biyu suke yi, ta biyun ita ce: in da za a sake, za ka ƙara sayen wannan motar? A 'yan shekarun nan an ga Rivian, mai motocin lantarki, tana can ƙasa a jerin ƙarko amma tana kan gaba a jerin gamsuwa. Mu ma nan haka abin yake. Dubi masu Honda a garin nan. Sun san halin ƙafarta sarai, duk mun sha ganin Accord ɗin da ake ce wa EOD ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karkace saboda boljoyin ya fita. Sun san giyarta ba ta son kowane mai sai nata. Amma ka ce wa ɗayansu ya canja, sai ya ce maka shi daɗin sitiyarinta da yadda take kwanciya a hanyar Kano ya fi masa komai, ƙafa kuma yana duba ta kafin ta ba shi kunya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Direban Golf 3 da ke jigilar Funtuwa, da mai Sharan da ke lodin Abuja, da su suke ciyar da gida, ba su nemi shawarar kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutum nawa ne suka jingine manyan motocinsu masu silinda 6, masu tambarin da kuke so ɗin, suka koma hawan babur? Ƙarkon da ba ka da kuɗin zuba wa mai, me ya amfana maka?

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne wannan surutun yana da farashi, kuma talaka ke biya. Dillali ya san kun riga kun yanke hukunci tun daga gida, don haka da ya ga kana shafa tambarin sai ya ɗora maka abin da ya ga dama. "Alhaji, ai wannan ko gobe ka kawo ta kuɗinka na nan." Ma'aikaci ya yi shekaru yana zubi a ƙungiyar adashin wurin aiki, ya ci bashi a kai, ya tafi da niyyar sayen mota mai lafiya daidai ƙarfinsa. Sai abokai su hana shi, su ce in ba Corolla ba kada ya soma. Kuɗinsa kuwa ba su kai na mai kyau ba, sai ya ƙare da wadda ta sha ruwa ko aka yi wa ɗinki biyu, ya bar wata lafiyayya a gefe don kawai sunanta bai yi wa majalisa daɗi ba. Bayan wata shida wayoyi sun fara ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe mota ta ƙi tashi, ga albashi ana yanka. Waɗanda suka zuga shi ko ɗaya ba zai ba shi kuɗin fulogi ba. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, saboda an ce irin motarsa ba ta lalacewa.

Don Allah 'yan uwa, in za ku sayi mota ku duba motar. Lambar nan ta jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, in daga Amurka ta fito ana iya bin ta a intanet a ga ko ta yi haɗari ko ta nutse, da mil nawa ta yi kafin a loda ta a jirgi. Ku ɗaga kafet ku shinshina, ku leƙa ƙarƙashin kujera ku ga ko ƙarafan sun yi tsatsa. Ku tafi da bakanikenku, ba na dillali ba, a sa mata na'ura a gani, domin har fitilar gargaɗin inji ana kashewa don kada ta tona asiri. In ta zo gida kuma, man da aka rubuta a murfin injin shi za a zuba. Inji an ce 5W-20, ka ɗura masa mai kauri 20W-50 saboda Oga ya ce ƙasarmu da zafi, ga ƙurar hunturu ta toshe matatar iska shekara guda ba a duba ba, sannan ka zo kana zagin mutanen da suka ƙera shi.

Kanikawan ma ba na ɗora musu laifin duka. Yawancinsu a kan 504 da Datsun iyayen gidansu suka koya, motocin da kunne da sifana suka ishe ka gyara su. Yanzu mota kwamfuta ce mai taya, amma yaro zai shekara 7 a gareji yana wanke ƙusoshi da fetur, a yaye shi bai taɓa riƙe na'urar binciken mota ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne a garin nan NITT take, cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa baki ɗaya, tun 1986, ga ta nan a hanyar Basawa. Ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga sashen injiniya na ABU. Me zai hana ƙungiyar kanikawa da masu riƙe da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su zauna da su, a riƙa ɗibar yaran garejin Muciya da Tudun Wada da Ɗanmagaji ana ba su horo ko na wata uku ne, da Hausa, da yamma bayan an tashi aiki? 'Yan siyasarmu duk kakar zaɓe sai sun raba babura da kekunan ɗinki. Kuɗin babur ɗaya zai sayi ƙananan na'urorin nan da yawa, kuma yaron da ya iya karanta su ba zai ƙara zaman jiran Oga ya ba shi na abinci ba. Wanda yake da kusanci da shugaban ƙungiyar kanikawa na shiyyar nan ya isar masa da saƙona, ko ya haɗa ni da shi in je da ƙafata.