Saurin ba da amsa ba shi ne alamar ɗan kimiyya ba

Iyaye da malamai da yawa sun ɗauka cewa yaron da ya dace da ajin kimiyya shi ne mai ɗaga hannu tun malamin lissafi bai rufe baki ba. Wannan fahimtar tana damuna, domin tana sa a sallami yara masu nazari a tsanake.

Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran, ita ce mace ta farko da ta ci lambar yabo ta Fields a 2014, lambar da masana lissafi ke ɗauka da girma ƙwarai. Tana ƙarama burinta ta zama marubuciya, kuma a farkon sakandare lissafin ma bai karɓe ta ba. Ko da ta zama farfesa a Jami'ar Stanford da ke Amurka, da bakinta ta ce ita mai tunani a hankali ce. Takan shimfiɗa manyan takardu a ƙasa ta yi ta zane, har 'yarta ta ɗauka fenti take yi.

Abin dubawa a wurin yaro shi ne naci da yawan tambaya. Ku lura da wanda ya kwance tocila ya baje kayan cikinta a kan tabarma, ya ƙi tashi sai ya gano dalilin da ta daina kamawa.