Mahaɗin da ba ya buɗewa sai a ɗakina

Yayata ce ta ɗora min aikin, wai in haɗa wa ƙungiyarsu ta tsofaffin ɗalibai shafin intanet. Ilimina a harkar bai wuce bidiyon da na kalla a YouTube ba, amma na bugi ƙirji na ce ta bar min komai.

Ƙa'idar mahaɗi, wato rubutun da ake dannawa ya kai ka wani shafi, a HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, ba wuya: ka buɗe da <a href="adireshi">, ka rubuta kalmomin da za a danna, ka rufe da </a>. Wannan ta rufewar ce ta ɓata a hanya. Ita kuwa burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ba ta da kara, sai ta mayar da shafin shuɗi tun daga jawabin shugaba har sunan ma'aji, kowace kalma an ja mata layi a ƙasa. Duk inda ka taɓa, shafin hotuna za ka faɗa. Na gyara. Na Facebook ma ya ɗan yi gardama don babu https:// a gabansa, burauza ta ɗauka fayil ne a cikin shafinmu, ta watso min 404, wato saƙon ba a samu shafin ba. Shi ma na gyara.

Daga nan komai ya miƙe. In na danna, ya buɗe. Na sake dannawa don jin daɗi kawai. Na tura wa Yaya, ita kuma ta tura wa duk 'yan ƙungiya.

Can sai ga kira. "Kai, hotunan ba sa buɗewa."

"Yaya, ga su nan a gabana ina kallo. Matsalar wayarki ce."

Baiwar Allah ta kashe waya ta kunna, ta ƙara data, ta ari ta maigidanta. Shiru. Ni kuwa ina ta yi mata lacca kan illar riƙe tsohuwar waya. Sai 'yarta, wadda ko sakandare ba ta gama ba, ta karɓi wayar.

"Kawu, karanto min abin da ke bayan href ɗin."

Na karanto cikin isa: file:///C:/Users...

Dariyar da yarinyar nan ta yi har yanzu ina jin ta. "Kawu, ai adireshin cikin kwamfutarka ka ba mutane. Sai dai kowa ya zo ɗakinka ya kalla."

Ita ta sa na ɗora fayilolin inda shafin yake. Ita ta gano na rubuta Taro.html alhali sunan fayil taro.html ne. Windows ɗin da ke kwamfutata ba ruwanta da babban harafi ko ƙarami, amma kwamfutar da ke riƙe da shafin da tsarin Linux take aiki, ba ta yafe wannan.

Washegari shugaban ƙungiya ya kira ni da kansa, ransa a ɓace. Wa ya canja wa mahaɗai launi ba da iznin kwamiti ba? Jiya shuɗaye, yau ruwan hoda mai duhu. Na ce ranka ya daɗe, haka burauza ke yi wa duk mahaɗin da mutum ya riga ya danna. Ya yi jim, sannan ya ce in rubuto bayanin a takarda, za a duba a zama na gaba.