Allurar zafi na hawa, kai kana cewa a lallaɓa

Ranar Talatar nan da rana tsaka, a hanyar Kano zuwa Zariya, gab da Kwanar Dangora, ga wata farar Homa, wato bas ƙirar Toyota Hiace, tsaye a gefen titi. An cire mata kujerun baya, an danƙara mata katan-katan na kayan masarufi har rufi, tururi na tashi daga gabanta kamar an buɗe madambaci. Direban yaro ne da bai wuce shekara 25 ba. Ya ɗage kujera yana fasa ledar fiyawata da haƙori yana tsiyaya wa injin a ka, yaron motarsa kuma ya naɗe hannu da riga yana kokawa da murfin ruwa. Da aka tambaye shi tun yaushe allurar ta fara hawa, sai ya ce tun Kura. "Na ce bari in lallaɓa ta mu isa Zariya."

Ƙannena direbobi, da ku masu motocin haya da na dakon kaya, wannan kalma ta lallaɓawa ita ce ke cinye mana injuna. Motar da kake riƙe da ita ba sabuwa ba ce. Ta gama aikinta a Turai ko Japan ko Dubai, aka ɗoro ta a jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Legas, ta bi hannu biyu ko uku kafin ta zo hannunka. Abin da malejinta ke nunawa ma kada ka rantse a kansa, domin mayar da maleji baya ya zama sana'a. Ka dubi yadda robar birki da ta kuloci suka siɗe, ka dubi sitiyari da kujerar direba, su ne za su faɗa maka gaskiyar shekarunta. Injin Hiace na da juriya, wannan ba a musu, yana iya yin dubban ɗaruruwan kilomita ba a kwance shi ba. Yana haƙuri da ƙura, yana haƙuri da mugun titi, har jinkirin juye yakan yi haƙuri da shi na ɗan lokaci. Zafi ne kawai ba ya yafewa. Injin fetur na Homa, wato 2TR mai lita 2.7, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce amma kansa, abin da kanikawa ke kira tof, na alminiyam ne. Ƙarfe biyu ne da ba sa buɗewa daidai idan sun ji wuta. Da zarar zafi ya wuce kima sai tof ya lanƙwashe, kuma lanƙwasar da ba ta fi kaurin gashin kai ba ta isa ta sa gasket, shimfiɗar da ke tsakanin tof da gangar injin, ya saki. Minti biyar na lallaɓawa sun isa su jawo wannan.

Kukan kurciya jawabi ne. Allurar nan ba ado aka sa ta ba, kuma akwai abu biyu game da ita da yawancinku ba ku sani ba. A motoci da yawa an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafi ya ɗan ƙaru ko ya ɗan ragu, don haka ranar da ka ga ta gota tsakiya, to abin ya riga ya yi nisa. Na biyun ya fi haɗari. Idan ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, sensar da ke auna zafi ba ta cikin ruwa kuma, iska take aunawa, sai allura ta iya saukowa. Kai kuma ka ce alhamdulillahi ta huce, ka ƙara taka totur, alhali a lokacin ne injin ke toyuwa. Allurar da ta hau sannan ta faɗo da kanta ba tare da ka yi komai ba, tsayawa take ce maka.

Tsayawar ma akwai yadda ake yin ta. Ka kashe AC, ka sauka gefe. In ba tururi, ba ruwa na zuba, fanka kuma na juyawa, bar injin a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, na 'yan mintuna ka ga ko allura za ta sauko. In akwai tururi ko ruwa na kwarara, kashe shi nan take. Sannan ka zauna a inuwa aƙalla rabin sa'a. Kada ka taɓa murfi, kada ka watsa wa injin ruwan sanyi. Ƙarfen da ya yi zafi aka kwara masa ruwan sanyi tsagewa yake yi, ko matan gida sun san haka da tukunyar ƙasa. Murfin kuwa ruwan da ke ƙarƙashinsa a matse yake, ya wuce zafin tafasa, kana murɗewa zai yi tsiri ya wanke maka fuska. Samari nawa ke yawo da tabon ƙuna a hannu da ƙirji saboda wannan garaje? Bayan ya huce, ka sa tsumma mai kauri ka murɗa a hankali, iska ta fita tukuna, sannan ka ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Kuma ka nemi inda na farkon ya bi, domin ruwan lagireto ba ya ƙarewa haka siddan. Motar da kake ƙara wa ruwa kowace safiya tana yoyo ne, ko ta waje ko ta ciki, kai kuma ka mayar da jarkar ruwa kamar safayar taya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake gyaran gangar Auzinawa a kan wannan matsala. Mota ta fara ɗaukar zafi, a kai gareji, abu na farko a cire tamostat a jefar, a ce wai na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kamfanin da ya ƙera motar yana sayar da ita a Saudiyya da Dubai, inda zafin bazararsu ya fi wanda Kano ke yi a watan Afrilu, kuma da tamostat ɗinta take zuwa. Aikinsa ya riƙe ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. A irin waɗannan injuna kuma yana da wani faifai a gindinsa wanda idan ya buɗe yake toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji. Ka cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai je lagireto ya huce ba. Ga shi da safe, musamman lokacin hunturu, inji ba ya ɗumama da wuri, ƙwaƙwalwar motar ta yi ta ƙara masa fetur tana zaton har yanzu a sanyaye yake. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi ya ci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ke kukan tsadar fetur, amma ga mutum da hannunsa ya cire abin da ke rage masa shan mai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In ana zargin tamostat, gwajinsa ba wuya: a jefa shi a tukunyar ruwa a ɗora a wuta, kafin ruwan ya tafasa ya kamata a ga ya buɗe sosai. In bai buɗe ba a sa sabo, kuma ɗan ƙaramin ramin da ke gefensa ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Sai ruwan da ake zubawa. Na rijiya, na burtsatse, na kududdufin gefen hanya, duk wanda hannu ya kai. Leƙa cikin butar shayin da ta shekara ana dafa ruwan burtsatse ka ga farin abin da ya daskare a gindinta. Shi ne ke taruwa a cikin lagireto, wanda hanyoyinsa ba su fi tsinken tsintsiya faɗi ba, ya toshe su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa zalla kuma tsatsa yake kawowa, ya cinye fukafukan wata famfo, wato famfon da ke tura ruwan, har ya zama yana juyawa ba ya tura komai. A Homa lagireto na can gaba, inji na ƙarƙashin kujera, ruwa na bin dogayen bututai ta ƙasa, su ma tsatsa na huda su, kuma ba wanda ke sunkuyawa ya duba. Ruwan lagireto mai kala, ja ko ruwan hoda, yana hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. In mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Motar na cin sama da lita 10, don haka galan ɗaya ba ya isa, kuma ja ɗin nan a sauya shi duk shekara biyu. A kula da na jabu, akwai masu zuba kala a ruwa su liƙa takarda, araha ba ta ado. Wanda aka juye kuma kada a bar shi a buɗe a tsakar gida, zaƙi gare shi kuma guba ne, yaro ko akuya na iya sha.

Murfin da ke riƙe matsin ruwan shi ne abu mafi araha a motar, kuma shi aka fi rainawa. Akwai lamba a kansa, 0.9 ko 1.1. Matsin nan ne ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa ya riƙa tafasa da wuri yana amai, kai kuma ka ɗaure shi da leda da kyauro. Wani ya fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, wani ya cusa sabulu a inda ke yoyo. Na yarda dabarar daji ce da za ta iya fitar da kai daga dokar daji cikin dare, amma mutum ya yi wata uku da ƙwai a lagireto yana lodi? Fanka ma haka. Tsohuwar Hiace fankarta na kan bel da kulocinta, idan man cikinsa ya tsiyaye sai ta riƙa juyawa ba ƙarfi, motar ta yi lafiya a kan gudu amma ta ɗau zafi a cunkoso. Ta Homa ta lantarki ce, a duba fiyus da rile da motar fankar kafin a ce a haɗa ta dairek. Bayan hunturu kuma a wanke fuskar lagireto da ruwa marar ƙarfi, ƙura da ƙaiƙayi da leda na liƙe ta.

Kuma ina ruwa zai huce alhali an yi wa motar lodin tirela? Buhunan hatsi daga Dawanau har sifirin ya miƙe, bodi na gogar taya, a hau tudu a giya ta huɗu inji na nishi. Tayoyin kuwa Beljiyam ne da suka gama rayuwarsu a wata ƙasa. Akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, amma wa ke dubawa? Balle a zo kan masu haɗiyar ƙwaya don kada su yi barci, da masu tuƙi ido na kan waya. Wanda bai ga tirela a gabansa ba ina zai ga allura?

Idan gasket ya riga ya tafi, jiki magayi. Kumfa na tasowa a tankin ruwa inji na aiki, tiyo ya yi tauri kamar an hura shi tun inji bai yi zafi ba, farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari na fita a salansa, baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. Da safe ta tashi tana rawa, ka kwance fulogi ka ga ɗaya fes kamar an wanke shi. A nan ma sai a sake lallaɓawa, a ce bari a gama lodin wannan satin. Mai da ya gauraya da ruwa ba ya riƙe metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa, daga nan sai shi karanshaf ɗin, sai ka ji an ce inji ya buga, aikin gasket ya koma neman inji sukutum a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Garin neman gira an rasa ido. Wanda kuma ya kai gyara da wuri, ya tsaya a kan aikinsa. A ɗora wa tof miƙaƙƙen ƙarfe a auna, in ya lanƙwashe a kai a goge shi a gwada ko ya tsage, kada a ɗora sabon gasket a kan karkataccen tof. Kusoshinsa ana ɗaure su ne daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da sifana mai geji, ba a zura wa sifana bututu yaro ya hau da ƙafa ba. A juye mai da filta. Sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba wata biyu ka dawo. Masu injin gas kuma, 5L da 2KD, ku tuna tayimin bel gare ku ba sarƙa ba. Fitilar T-BELT ta kama a sauya bel, ba a cire ƙwan fitilar ba.

Laifin ba na direba ne shi kaɗai ba. Mai mota da ba ya son jin komai sai balas, in an ce masa tiyo ya kumbura ya ce ana so a cuce shi, shi ya koya wa yaron lallaɓawa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Da can ba haka ake zama direba ba. Yaro sai ya shekara da shekaru yana yaron mota kafin a bar shi ya taɓa sitiyari, kuma karatunsa na farko bayan sallar asuba ne: ya zaro sandar mai ya goge ya sake tsomawa, ya duba ruwa inji na sanyi, ya matsa tiyo da hannu, ya danna fanbel da yatsa, ya zagaya tayoyi yana bugawa, ya durƙusa ya dubi ƙasan da motar ta kwana ko akwai ɗigo. Ɗigo ɗaya ya gani bai faɗa ba, ranar ya shiga uku wurin maigidansa. Tsofaffin direbobin nan da kunne suke jin ciwon mota, wani ko karatun boko bai yi ba amma ya san ƙarar wata famfo da ta fara cin boris. Kanikawan lokacin ma in sun kwance abu a kan buhu suke jera shi, su mayar ba a bar noti ko ɗaya ba. Yanzu yaro ya yi wata biyu yana juya mota a tasha, an miƙa masa makulli da lodin miliyoyi. Shi wancan na Kwanar Dangora, da aka ce masa ya jira injin ya huce, agogon wayarsa ya duba, ya aiki yaron motar ya ƙaro fiyawata.