Ga Ƙannena Masu Son Rubutun Fim a Zariya

Kwanaki wani matashi ya same ni a Samaru, waya a hannu, ya ce, "Yaya, wace manhaja zan sauke in fara rubuta fim?" Na tambaye shi littafin wasan kwaikwayo nawa ya taɓa karantawa har ƙarshe. Ya sunkuyar da kai. Abin ya tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ba ne.

Ƙannena, a garin da kuke zaune aka yi ta buga littattafan Hausa tun zamanin Gaskiya Corporation da kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company). Ku fara da na gida. Ku nemi Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada, ku karanta da ƙarfi, ku ji yadda miji yake magana daban, tsohuwa daban, alƙali daban. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa: kowa a fim ɗinmu da baki ɗaya yake magana, bakin marubucin. Ku karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ku lura da inda yake yanke labari ya bar mutum da ƙishirwar ci gaba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa darasi ne guda: labari ne a littafi, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Wanda ya samu duka biyun ya zauna ya duba abin da aka zubar da abin da aka riƙe.

Bayan nan sai na Turawa. Screenplay na Syd Field, wanda ya fito a 1979, shi ya fi sauƙin shiga. Ya raba fim mai shafi 120 gida uku: 30 na shimfiɗa, 60 na rikici, 30 na warwarewa. Story na Robert McKee, 1997, ya fi nauyi, a ci shi sannu sannu. Save the Cat! na Blake Snyder, 2005, yana da daɗin karatu, amma ni ina ganin wanda ya bi shi ido rufe duk labaransa kama ɗaya za su yi. Waɗannan mutane don masu kallon Amurka suka rubuta. Ba su san kunyar ɗan fari ba, ba su san abin da shirun suruka yake nufi ba. Wannan sai ka zauna a teburin mai shayi a Kwangila, ko ka bi mahaifiyarka cefane Sabon Gari, ka buɗe kunne.

Maganar manhaja gajera ce. Final Draft ce manyan masana'antu suka fi amfani da ita, kuɗinta kuma da dala ne. Don Allah kada ku sauke ta sata. Haƙƙin wani ne, kuma gobe ku ne za ku yi kuka idan aka kwashe aikinku. Trelby kyauta ce a kwamfuta, WriterDuet ma tana da tsarin kyauta. Aikinsu duka ɗaya ne, su jera maka shafi: kan kowace fitowa a faɗi ciki ne ko waje, wane wuri, dare ko rana, sunan mai magana a tsakiya, zancensa a ƙasa. In an bi tsarin, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, da haka furodusa yake lissafin kwanakin ɗauka da kuɗinsa. BBC ta ajiye rubutun finafinai da wasanninta kyauta a intanet; ku sauke, ku riƙa karantawa.

Sashen koyar da wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan kusa da ku. In ɗalibai za su nuna wasa, ku je ku kalla.

Shi wancan matashi, na ce ya rubuto mini shafi 10 kacal, mutum biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya yana son abin da ɗayan ya hana. In ya gama ya ba abokansa biyu su karanta a bayyane, shi yana gefe da biro, duk inda harshensu ya sarƙe ya ja layi. Ran Asabar zai kawo.