Fitilar fakin: muna kunna ta a tafe, muna kashe ta a tsaye

Ran nan bayan magariba na shiga motar haya daga Bodinga zuwa Sakkwato. Duhu ya fara rufa ƙasa, ga hazo, amma direba ƙananan fitilu kawai ya kunna. Na ce masa, "Malam, ba ka kunna babba?" Ya ce, "Alhaji, batir nike tattali." Ko kilomita biyar ba mu yi ba sai ga tirela a fake gefen kwalta, baƙi ƙirin, babu ko ɗigon haske a bayanta, sai rassan bedi da aka jera a kan titi. Allah ne ya gyara.

Direbobin nan biyu kowa ya yi aikin ɗan'uwansa. Wanda ke tafe ya kunna fitilar tsayuwa, wanda ke tsaye kuma ya kashe ta.

Fitilar fakin ita ce wadda ke kamawa idan ka murɗa makunnin sau ɗaya: ƙanana biyu a gaba, jajaye biyu a baya. Ba a yi ta don direba ya ga hanya ba. An yi ta ne don wani ya ga cewa akwai mota a nan, ya kuma gane faɗinta. Ƙwan nata yawanci wat 5 ne, na babbar fitila kuwa wat 55. Da wat 5 ba za ka hango rami ba, balle akuya ko ɗan kabu-kabun da fitilarsa ta baya ta mutu tun bara.

Batun tattalin batir kuma kure ne. Muddin inji na aiki, shi ke samar da wutar da fitilu ke sha, yana ma ƙara wa batir caji. Inda batir ke shan wahala shi ne a kashe mota a bar fitila, shi ya sa aka yi ta fakin ƙarama, don ta yi awanni tana ci batir bai kwanta ba. Wasu motocin Jamus da ke shigo mana na hannu, irin su Volkswagen, har da dabarar kunna gefe ɗaya kawai: ka kashe mota, ka tura sandar sigina ɓangaren titi. Mutane da yawa na ganin haka su garzaya wurin mai gyaran waya, wai mota ta yi matsala.

Na san uzurin direban tirela: batir ya tsufa, wurin da ya lalace babu gari, gobe wa zai tura masa? Uzuri ne, amma ba ya hana ajiye alamar kusurwa uku mai ƙyalli da doka ta ce a riƙe a mota. Reshen itace ba ya ƙyalli da dare.

A Ingila doka ce: duk wanda ya yi fakin da dare a titin da ake wuce gudun mil 30 a sa'a, sai ya bar fitilar fakin a kunne. Mu kuma da hanyoyin Illela da Gusau da Jega ba su da fitilun titi, ga hazon hunturu a Disamba da Janairu, mun fi su buƙata. Hukumar kiyaye haɗurra tana nan tun 1988. Ina so jami'anta, idan sun tsayar da mota, kafin su nemi takardu su ce wa direba ya murɗa makunnin sau ɗaya, su zagaya baya su duba.